Layin Biro a Wuyan Baba Manu

Cikin shekara talatin da biyar da na yi ina koyarwa, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce Talatar da kwamiti ya zo duba ɗakin zanenmu. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kun sha jin ana cewa Malam Tukur taurin kai gare shi, har an taɓa cilla shi ƙauye saboda bakinsa. Gaskiya ne, an cilla ni. Amma tunda kowa yana ba da labarin yadda ya ga dama, gara ku ji shi daga bakin mai shi.

A lokacin ina malamin zane a wata sakandaren gwamnati da ke tsakanin Gwarzo da Kabo, ina kan mataki na takwas. Ga wanda bai san tsarin ba, mataki na takwas ba wani babban abu ba ne. Ka wuce sabon ɗauka, amma ko shugaban sashe ba ka kai ba, kuma duk takardar da ka rubuta sai ta bi ta teburin firinsifal kafin ta isa ofishin shiyya, inda ake yanke hukuncin canjin wuri da ƙarin girma. Firinsifal ɗinmu na lokacin ba zan faɗi sunansa ba, don yana da dangi a cikinku. Ba mugu ba ne. Mutum ne dai wanda idan ya hango motar ofishi a bakin get sai ya hau gyara hula tun kafin direba ya kashe inji.

Abu biyu ne suka haɗe mana a shekarun nan. Na farko tsuke bakin aljihun gwamnati, wanda ya kai mu shekara uku ba a aiko mana da ko gwangwanin fenti ɗaya ba. Na biyu kuma zuwan Shari'a. Ina so ku riƙe wannan, don masu ba da labarina sukan tsallake shi: ni ɗan gidan malamai ne, mahaifina ya yi shekara da shekaru yana karantarwa a zaurensa a Kara, kuma da Shari'a ta zo ina cikin waɗanda suka yi murna har zuci. Ban taɓa ɗaukar kaina abokin gabar addini ba, kuma har yau ban yarda wani ya ɗauke ni haka ba.

Rashin fenti shi ya mayar da ni kan fensir, har na gano abin da fensir zai iya. Ba irin fensira masu lamba da ake kawowa daga waje nake da su ba, na kasuwar Gwarzo ne da ɗalibai ke rubutu da shi. Sai in kankare bakinsa da reza in tara garin a murfin kwalba, in naɗa auduga a tsinken tsintsiya ina dangwalowa ina shafawa, shafi kan shafi, har inuwa ta zauna yadda take a fatar mutum. Kilina kuwa, wato robar goge fensir, yanka ta nake ta yi baki kamar wuƙa, da ita nake fitar da furfura ɗaya bayan ɗaya. Hasken da ke cikin ƙwayar ido ba a zana shi, farin takardar ake bari a kewaye shi, kuma idan ka kuskura ka taɓa wurin ido ya mutu ke nan. Irin wannan zane ba ya son gaggawa, ba ya kuma son ƙarya. Idan mutum yana da tabo sai ka sa tabon, idan ramukan fatarsa manya ne haka za su fito.

Baba Manu shi ne mai gadinmu na rana. Asalin gidansu makiyaya ne, amma sun daɗe da zama a Mainika suna noma da ɗan kiwo. Dogon tsoho ne siriri, da hakiya a idonsa na hagu, da wani tabo a haɓa inda saniya ta taɓa kai masa ƙaho yana saurayi. Wata rana ya tarar da ni ina zana hannuna na hagu, ya daɗe a tsaye yana kallo, sannan ya ce min hoton da aka taɓa ɗaukarsa a duniya ɗaya ne, na katin aiki, shi ma ruwa ya cinye shi. Ya ce jikokinsa ƙanana ne, yana so in sun girma su san fuskar da suka fito daga cikinta. Na ce ya zauna.

Ya zauna min sau goma sha ɗaya a gindin darbejiyar bakin get, kullum lokacin hutun tara, yana mita wai wuyansa ya ƙage, ina ce masa ai gadi ma zama ne. Takardar da na samu mai kauri bayan wata tsohuwar kalanda ce. Na gama fuskar, saura wuyan riga da kafaɗa, sai zazzaɓi ya kwantar da shi a ƙarshen damina, bai tashi ba. Allah ya jiƙansa. Na ƙarasa abin da ya rage, na yanko gilashi daga wata taga da ta fashe, kafinta ya haɗa min katako, na rataye shi a ɗakin zane. Na aika wa matarsa, Inna Hajjo, cewa idan ta fita daga takaba ta zo ta karɓi amanarta.

Ana cikin haka, a zango na biyu, takarda ta zo daga ofishin shiyya. Ta ce za a duba duk darasin da ba na dole ba, a ga wanda zai tsaya da wanda za a cire daga jadawali, kuma kwamiti zai zagayo. Ba sai an gaya min ba, na san zane ne a kan gaba. Idan aka cire shi, ɗakin zai rufe, ɗalibai su rasa darasin, ni kuma a kai ni duk inda aka ga dama. Firinsifal ya kira ni ofis ya ce kafin ranar in sauke duk wani zane mai rai, in maye gurbinsu da bishiyoyi da tukwane da rubutun Larabci mai ado. Na sauke awaki da kajin da ɗalibai suka zana, don ban ga abin faɗa a kansu ba. Da na zo kan Baba Manu sai hannuna ya ƙi. Mutumin ya yi shekara ashirin yana buɗe wa manyan ofishi ƙofa, ban ga dalilin da zan ɓoye shi a bayan kabad ranar da za su zo ba.

Ranar Talata da hantsi suka iso su uku. Shugabansu Alhaji Lawan ne, sufeto daga shiyya, mataki na goma sha huɗu. Sai Malam Sa'idu, wani malamin Islamiyya daga Kabo da aka sa cikin kwamitin don ya ba da shawara ta fuskar addini, dattijo ne mai ƙarancin magana. Na ukun sakatare ne mai rubuta rahoto. Aka yi gaisuwa mai tsawo a ofis, aka tambayi iyali da hanya da gajiya, sannan muka nufi ɗakin zane. Firinsifal ne ya fara shiga. Ina ganin lokacin da idonsa ya sauka kan bangon, sai da gumi ya tsattsafo masa a goshi, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, baƙi suna bayansa.

Alhaji Lawan ya zagaya ɗakin yana gyaɗa kai. Ya yaba tukwanen, ya yaba rubutun Larabcin. Da ya iso gaban Baba Manu sai ya tsaya, ya ce ai ya san tsohon nan, shi ke buɗe masa get, ya yi masa addu'a. Sai ya tambaya wane mai hoto ne a Kano ya wanke wannan, don ya daɗe bai ga hoto baƙi da fari mai tsabta haka ba. Bai jira amsa ba ya ci gaba da bayani, wai hoton kyamara ba shi ne matsala ba, malamai da yawa sun yi sassauci a kansa tunda kamun inuwa ne kawai, abin da ake magana a kai shi ne wanda hannu ya zana. Ya waiwayi sakatare ya ce ya rubuta cewa ba a samu zanen hannu na wani abu mai rai a ɗakin ba.

A nan ne firinsifal ya matso ya taka min ƙafa. Ba taka ta kuskure ba, ya ɗora ya danna.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na so in yi shiru. Ba a ce in faɗi komai ba, bakina kawai zan kama, rahoto ya fita fes, ɗakin ya tsira. Na tuna ɗalibaina na aji biyar da suka fara gane inuwa. Amma ina kallon biron sakatare yana tafiya sai raina ya ɓaci. Wata huɗu na yi a kan fuskar nan, kowace furfura na san ranar da na fitar da ita, yanzu za a rubuta a takardar gwamnati cewa inji ne ya yi. Wanda ya fi wannan ci min rai, ga malami a tsaye an kawo shi ya faɗi hukuncin Allah, ni kuma in bar shi ya sa hannu a kan abin da na san ba haka yake ba. Daga ranar kuma duk abin da zan koyar sai dai in koyar da shi a ɓoye kamar ɓarawo.

Na ce, "Yallaɓai, a dakata da rubutun. Ba hoto ba ne. Ni na zana shi da fensir."

Alhaji Lawan ya yi dariya, ya ce wasa da manya ba kyau. Na sauko da shi daga bango, na cire ƙusoshin baya, na zare takardar. Na goga ɗan yatsana a can gefen kafaɗa na nuna masa baƙin da ya ɗauko, sannan na juya takardar ya ga watannin tsohuwar kalanda a jere. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Sakatare ya manta da rubutu, ya kawo fuskarsa dab da takardar yana neman inda layin fensir yake, bai samu ba. Firinsifal kuwa ya yi tsuru-tsuru, sai ka ce shi aka kama.

Da Alhaji Lawan ya dawo hayyacinsa sai ya ce abin yana da magani. Ga waɗanda ba su riski wannan al'ada ba, a lokacin wasu sukan ja layi a wuyan duk hoton mutum ko dabba da ke cikin littafi, wai an raba kai da jiki ke nan, abin ya tashi daga mai rai. Ya ce in ɗauko rula in ja layi a wuyan tsohon a gabansu, sai a rubuta cewa an samu kuskure an gyara.

Na ce, "Yallaɓai, ba zan ja ba. Ba kayan makaranta ba ne, na matar mamacin ne, tana takaba. Idan laifi ne, ni na yi, a rubuta da sunana."

Ya ce ko na san da wa nake magana. Na ce na sani, shi ya sa ban bari ya sa hannu a kan ƙarya ba. Firinsifal ya shiga ba da haƙuri a madadina, yana cewa ƙuruciya ce, ni da nake da shekara arba'in da 'ya'ya biyar.

Duk wannan abin Malam Sa'idu yana tsaye yana kallon fuskar Baba Manu a kan tebur. Da aka nemi ya yi magana, bai ɗaga murya ba. Ya ce shi a fahimtarsa barin zana mai rai ya fi, kuma da ni ɗansa ne da ya ce in tsaya kan bishiyoyi da gine-gine, don hannun da ya iya wannan ba abin da zai gagare shi. Amma ya ce jan layi a wuya bai ga abin da yake cirewa ba, fuska tana nan, ido yana nan, mutum ne kawai yake lallashin kansa. Sannan ya juyo gare ni.

Ya ce, "Malam Tukur, ban yarda da aikinka ba, kuma zan rubuta haka. Amma ka samu hanyar ruɗinmu ka ƙi bi. Wannan ma zan rubuta."

Na ce, "Allah gafarta Malam, na gode. Ka rubuta duka biyun."

Suka tafi ba tare da sun faɗi hukunci ba. Motarsu ba ta gama fita ba firinsifal ya karɓe makullin ɗakin zane, ya ce zai zauna a wurinsa har a ji daga shiyya. Na nemi ya bar ni in ɗauke zanen, ya ce zanen ya zama shaida, ba mai taɓa shi. Malamai 'yan'uwana wasu suka daina zama kusa da ni a ɗakin malamai, wasu suka ce na kashe darasina da bakina. Ni ma haka nake gani a kwanakin, kuma abin ya dame ni ƙwarai. Amma ko sau ɗaya ban je na ba da haƙuri ba.

Sati biyu bayan haka, ranar Alhamis da safe, aka ce min ina da baƙuwa a bakin get. Inna Hajjo ce, ta fita takaba, ta hau motar kasuwa daga Mainika. 'Yar tsohuwa ce ƙarama, ta riƙo min ƙwaryar man shanu. Muka gaisa, na sake yi mata ta'aziyya, na bar ta a inuwa na je neman makulli. Firinsifal ya hau kame-kame, ya ce ta dawo wani satin. Na ce tsohuwar da ta taso tun daga Mainika ba zan ce mata ta koma hannu rabbana ba, in kuma makullin ya ɓace akwai guduma a wurin kafinta. Ya ga da gaske nake, ya taso da kansa ya zo ya buɗe, Inna tana biye da mu.

Zanen yana kan tebur inda na bar shi. An ɗora rula an ja layi da shuɗin biro daga wannan gefen wuya zuwa wancan, an danna har takardar ta lotsa. Fensir ana goge shi, biro ba a goge shi. Firinsifal ya matso yana magana ƙasa-ƙasa, wai don ni ya yi, ya riga ya rubuta wa shiyya cewa an gyara, in Allah ya so ɗakin zai tsira.

Inna Hajjo ba ta san abin da ake ciki ba. Ta sunkuya tana kallon fuskar, ta daɗe, leɓenta yana motsi. Ta kai yatsa kusa da tabon haɓar ba ta taɓa ba. Sai idonta ya sauka kan layin, ta bi shi da kallo daga farko har ƙarshe.

Ta ce, "Malam, ai a kan shimfiɗarsa ya cika, ina riƙe da kansa. Wa ya yanka shi?"

Malamai biyu suna bakin ƙofa, masinja yana bayansu. Na san abin da ladabin aiki yake so, in ce kuskure aka samu, in rufa wa shugabana asiri. Na nuna shi da hannu na ce, "Inna, ga shi nan. Shi ne shugaban makarantar da Baba ya yi wa gadi shekara ashirin."

Ba ta zage shi ba. Kallo ɗaya ta yi masa, ya fice. Na roƙe ta ta ba ni wata uku in zana mata sabo, tunda ga wannan zan riƙa dubawa. Ta girgiza kai ta ce wannan shi ne wanda mijinta ya zauna aka yi, yakan dawo gida yana ba ta labarin wuyansa da ya ƙage, wani kuwa daga takarda zan kwafo. Ta sa na mayar mata da shi cikin gilashinsa, ta naɗe shi a mayafinta ta rungume. Na raka ta har bakin titi, kuma ban ji kunyar hawayen da na yi a gaban masu jiran mota ba.

Washegari aka ba ni takardar tuhuma, wadda muke kira kwiri, ana so in yi bayani cikin kwana biyu dalilin da ya sa na ci mutuncin shugabana a gaban baƙi. Amsata layi uku ce: an tambaye ni wa ya yi, na faɗi wanda ya yi, idan ba shi ba ne a gaya min in janye. Ba wanda ya ce ba shi ba ne. Kafin ƙarshen zango takardu biyu suka zo a ambulan ɗaya. Ɗaya ta mayar da ni wata ƙaramar sakandare can gaba da Kara in koyar da lissafi. Ɗayar kwafin umarnin cire zane daga jadawalin makarantarmu ne, saboda ƙarancin kayan aiki. Na duba kwanan watan da aka buga a samanta, sai na ga ta girmi zuwan kwamitin da kwana biyar. Ba a ambaci addini a cikinta ba ko da kalma ɗaya. Ɗakin ya koma siton karyayyun kujeru, ni kuma na yi shekara shida a ƙauye, ƙarin girma ya wuce ni sau biyu.

To ga abin da na koya, ku yi yadda kuka ga dama da shi. Malamin da bai yarda da sana'ata ba ya faɗa min a fuska, kuma bai taɓa takardata ba, har ya rasu muna gaisawa. Sufeto ya zo ne da hukuncinsa a aljihu. Wanda ya yi ɓarnar namu ne, malami kamar ni da ku, wanda tsoro ya sa ya aikata abin da malamin addini ma ya ce ba shi da amfani, kuma bai tsirar da komai ba. A aikin nan ku fi kiyayar mutumin da ke riga umarni isa wuri. Idan kuma aka tsaya a gaban aikin hannunku aka ba shi wani suna don a sauƙaƙa muku, ku buɗe baki ku ce naku ne, ko da kuna ganin abin da zai biyo baya. Ni ban san an riga an rufe ɗakin ba lokacin da na yi magana. Da na kama bakina, da ɗakin ya tafi duk da haka, ya bar ni da ƙarya a cikin fayil ɗina har ranar da na ajiye aiki.